Matsayi A Aji Ko Darasi Mai Wuya?

A wannan wata muna so mu yi shawara da ku a kan wata tambaya wadda ta shafi kowane gida da ke da yaro a makaranta. Ga tambayar. Yaro ya tsaya a mararraba. A hannun dama ga darasi mai sauƙi, wanda ya tabbata zai ci shi sarai, ya zauna a kan gaba cikin ajinsu. A hannun hagu ga darasi mai wuya, wanda zai ƙara masa ilmi ƙwarai, amma watakila makinsa ya ragu, waɗansu su wuce shi. Wanne ya kamata ya ɗauka? Mu kuma iyayensa da malamansa, wace shawara za mu ba shi?

Kada wani ya ce amsar a fili ta ke. A baki kowa zai ce ilmi ya fi. Amma ran da takardar sakamako ta zo gida, abin da ido ya ke fara nema shi ne lambar matsayi, na ɗaya ne ko na goma. Yara kuwa sun san inda idonmu ya ke zuwa.

Inda wannan magana ta fi zafi shi ne ƙasar Amurka, gama a can matsayin yaro a aji yana iya buɗe masa ƙofar jami'a ko ya rufe ta. Sun daɗe suna gardama a kanta, sun kuma yi bincike mai yawa. Bari mu duba yadda abin ya ke a wurinsu, sa'an nan mu ga abin da za mu koya.

Yadda A Ke Awo A Can

A yawancin wurare a Amurka babbar sakandare shekara 4 ce, daga aji na 9 zuwa na 12. Yaro ba ya bin darussa iri ɗaya da dukan tsararsa. Akwai waɗanda tilas ne, sauran kuwa shi ya ke zaɓa. Ko cikin lissafi ma ya kan zaɓi mai zurfi ko matsakaici. A ƙarshen kowane darasi malami ya kan ba shi harafi. Harafin A maki 4 ne, B maki 3, C maki 2, D maki 1. Sai a tara makin duka, a raba da yawan darussan, a sami matsakaici. Da wannan matsakaici a ke jera dukan 'yan shekara ɗaya, ko su 50 ne ko 800, daga na fari har na ƙarshe. Wanda ya zo na fari shi a kan ba girman yin jawabin ban kwana ranar sallama.

To, ga inda gizo ya ke saƙa. A ce yara biyu kowa ya ɗauki darasi 6. Na fari ya zaɓi masu sauƙi duka, ya sami A shida, matsakaicinsa 4. Na biyu ya sa lissafi mai zurfi cikin nasa, ya yi ta fama dare da rana, ya fita da B, sauran biyar ɗin kuwa A. Makinsa 23 ke nan, in an raba da 6 ya zama 3.83. Wane ne ya fi sani? Na biyun. Wane ne ya ke gaba a jeri? Na farin. A babbar makaranta kuwa wannan ɗan bambanci ya isa ya sa mutane da yawa su shiga tsakaninsu.

Malamai sun ga wannan rashin adalci, suka nemi magani. Tun shekarar 1955 wata ƙungiya mai suna College Board ta ke kula da waɗansu darussa da a ke kira AP, watau karatun shekarar farko ta jami'a wanda a ke koyarwa tun a sakandare. Makarantu da yawa suka ce wanda ya sami A a irin wannan darasi za a ba shi maki 5 maimakon 4. Nufinsu kada mai ƙoƙari ya yi hasara.

Amma maganin ya haifi wata cuta. A ce yarinya ta ɗauki darasi 5 masu zurfi, ta ci A duka, matsakaicinta 5. Tana son kiɗa ƙwarai, ko zane, ko aikin kafinta, sai ta ƙara shi ya zama na shida. Ta ci A a nan ma, amma wannan A maki 4 ne kaɗai. Makinta ya zama 29, a raba da 6, ya sauko zuwa 4.83. Ta ƙara aiki, ta ƙara sani, ba ta faɗi kome ba, duk da haka ta koma baya. 'Yar'uwarta wadda ta zauna ba ta ƙara kome ba ta wuce ta. Sabo da haka a wata makaranta yaro yana gudun darasi domin yana da wuya, a wata kuma yana gudun darasin da ransa ya ke so domin ba shi da nauyi a ma'auni. A duka biyun lamba ce ta yi masa zaɓi.

Labarin Jihar Teksas

Kada mu yi saurin zargin yaran nan da son girma kawai. A waɗansu jihohi matsayi yana da farashi na gaske. A shekarar 1996 wata kotun tarayya ta hana jami'o'in Teksas duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai. Majalisar jihar ta ji tsoro kada 'ya'yan baƙar fata da na 'yan asalin Meksiko su ragu a manyan jami'o'i. Sai a 1997 ta yi doka, Gwamna George W. Bush ya sa hannu, cewa duk yaron da ya gama sakandare yana cikin kashi 10 bisa 100 na sama a makarantarsu, jami'o'in gwamnatin jihar za su karɓe shi kai tsaye.

Dokar tana da kyakkyawan nufi. Yaron ƙauye da na unguwar talakawa, wanda makarantarsu ba ta taɓa aika kowa babbar jami'a ba, yanzu ya sami hanya, gama da tsararsa na gida a ke gwada shi. Mutane da yawa sun amfana. Babbar jami'ar jihar da ke birnin Ostin ta cika da irin waɗannan ɗalibai, har a 2008 wajen 8 cikin 10 na sababbin ɗalibanta 'yan jihar ta wannan ƙofa suka shiga. A 2009 majalisa ta yarda wa jami'ar ta ƙayyade yawansu. Daga nan ƙofar ta yi ta ƙuntata. Masu shiga a 2019 sai da suka kasance cikin kashi 6 na sama, a 2024 kuma jami'ar ta sanar cewa masu shiga a 2026 sai 'yan kashi 5.

Ku duba fa abin da wannan ya ke nufi ga yaro ɗan shekara 16. In su 400 ne a shekararsu, na 20 ya shiga, na 21 ya tsaya a waje. B guda ɗaya tana iya raba su. A 2013 waɗansu masana tattalin arziki uku, Julie Cullen da Mark Long da Randall Reback, suka buga binciken da ya nuna cewa bayan dokar waɗansu iyalai sun zaɓa wa 'ya'yansu makarantar da gasa ba ta da zafi, domin yaron ya fi samun damar zama a sama. Majalisar kanta ta lura da masu neman hanya mai sauƙi. Bisa ga dokar da ta yi a 2013, wanda ya ke son shiga ta wannan ƙofa sai ya yi lissafi da kimiyya na shekara 4, har da aljabara mataki na biyu.

Bambancin Matsayi Da Ilmi

Yanzu bari mu bar labari mu yi tunani. Mene ne matsayi, mene ne kuma ilmi?

Da fari, matsayi ya dogara ga waɗanda su ke zaune kusa da kai. Ɗauki yaron da ya zo na 2 a wannan makaranta ka kai shi waccan, gobe sai ya zama na 40, alhali abin da ke cikin kansa bai ragu ko kaɗan ba. Ɗauki na 40 ɗin ka kai shi inda ba masu ƙwazo, sai ya zama na fari, bai kuwa ƙaru da kome ba. Ilmi kuwa yana bin mai shi duk inda ya tafi. Wanda ya iya raba lamba a Kano ya iya ta a Ostin.

Na biyu, matsayi kujera ɗaya ce. In wani ya hau, sai wani ya sauka. Ilmi kuwa kamar wuta ya ke. Mace ta kan shiga gidan maƙwabciyarta ta ɗebo garwashi ta hura murhunta, wutar maƙwabciyar ba ta ragu ba. Yara 400 duka suna iya sanin aljabara, amma ba su iya zama na fari duka. Domin wannan, yaron da ya sa zuciyarsa ga matsayi ya kan soma ganin abokinsa kamar magabci. In abokin ya tambaye shi yadda a ke warware lissafi, sai ya ji nauyin gaya masa. In abokin ya faɗi, sai ya ji wani daɗi a ɓoye wanda shi kansa yana kunyarsa. Wace irin tarbiyya ce wannan, wadda ta ke koya wa yaro murna da tuntuɓen maƙwabcinsa?

Na uku, matsayi mudu ne, ilmi shi ne hatsin. An yi mudu domin a san yawan hatsi. Manomin da ya cika mudunsa da ƙaiƙayi zai ƙirga mudu mai yawa, amma ran da uwargida ta kai turmi za a san gaskiya.

To, yaron da ya zaɓi masu sauƙi domin ya riƙe matsayinsa, ya yi laifi ne? Bai saci amsa ba, bai karya dokar makaranta ba. Ba za mu kira shi ɓarawo ba. Amma lambar da a ke rubuta masa shaida ce. Tana gaya wa jama'a cewa wannan ya fi tsararsa sani da ƙoƙari. In ya shirya abubuwa da gangan domin shaidar ta faɗi fiye da abin da ke akwai, lalle ya matso kusa da ƙarya, ko da ya ke bakinsa bai furta ta ba. Wanda ya fara ruɗuwa kuwa shi ne kansa.

Abin Da Tsoro Ya Ke Koyarwa

Hasara mafi girma tana cikin hali. Yaron da ya shekara 4 yana tambayar kansa, a ina ne ba zan faɗi ba, ya koyi wani darasi wanda ba a rubuta a allo ba. Ya koyi cewa faɗuwa abin kunya ne da za a guje masa ko ta halin ƙaƙa. Irin wannan in ya girma ya kan ƙi aikin da bai tabbata zai yi nasara a kai ba, ya kan ɓoye kuskurensa, ya kan ji tsoron tambaya kada a ce bai sani ba.

A 1998 waɗansu masana biyu a Jami'ar Kolambiya, Claudia Mueller da Carol Dweck, suka buga wani gwaji da suka yi da yara masu shekara wajen 10 zuwa 12. Suka ba su tambayoyi, suka gaya musu sun yi kyau. Waɗansu aka yabe su cewa suna da kaifin kai, waɗansu kuma aka yabe su cewa sun yi ƙoƙari. Sa'an nan aka ce kowa ya zaɓi aikin da zai yi nan gaba. Galibin waɗanda aka yabi kaifin kansu suka zaɓi mai sauƙi, domin kada sunan da suka samu ya ɓaci. Galibin waɗanda aka yabi ƙoƙarinsu kuwa suka zaɓi wanda za su koyi sabon abu a ciki. Ashe yabo ma yana iya zama mari a ƙafa.

Ba yara ƙanana kaɗai ba ne. Jami'ar Cornell, ɗaya daga cikin manyan jami'o'in Amurka, ta soma a 1998 tana sa wa a intanet irin makin da a kan samu a kowane darasi. Nufin malaman shi ne a san darasin da ke da wuya, domin wanda ya sami B a ciki kada a rena shi. Me ya faru? Masu bincike suka iske ɗalibai sun ƙara tururuwa zuwa darussan da a ke rabon A a sauƙaƙe. A 2011 jami'ar ta daina bugawa. Ruwa kullum gangare ya ke bi, zuciyar ɗan adam ma haka ta ke in ba a horar da ita ba.

Ranar Wanka

Wani zai ce, wannan duk wa'azi ne, a duniya lamba ce ta ke ci. Bari mu ga ko haka ne.

A 1999 wani ma'aikacin Ma'aikatar Ilmi ta Amurka, Clifford Adelman, ya fitar da bincike a kan dubban yara waɗanda su ke aji na 10 a shekarar 1980, aka bi sawunsu har suka kai shekara 30. Tambayarsa ita ce, me ya fi nuna wanda zai gama digiri? Ya iske zurfin darussan da yaro ya yi a sakandare ya fi matsayinsa a aji nuna wannan, ya kuma fi makin jarrabawar shiga jami'a. Cikin darussan duka lissafi ya fi ƙarfi. Wanda ya wuce aljabara mataki na biyu ya gama wani lissafi na gaba da shi, damarsa ta gama digiri ta ninka fiye da biyu. A 2006 ya sake binciken da waɗansu yara na baya, ya sami amsa iri ɗaya.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Shiga jami'a dabam, gama ta dabam. Wanda ya guji lissafi mai wuya yana ɗan shekara 16, a wurin malamin da ya san sunansa, zai gamu da shi yana ɗan shekara 18 a babban ɗaki cike da ɗaruruwan baƙi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ko a Ostin ma, matsayi yana shigar da yaro jami'a ne kawai, bai tabbatar masa da sashen da ya ke so ba. Masu koyar da aikin injiniya sai sun duba irin lissafin da ya yi.

Jami'o'in kansu sun rage dogara ga matsayi. Ƙungiyar jami'an ɗaukar ɗalibai ta Amurka ta kan tambayi jami'o'i abin da su ke ba nauyi. A 1993 wajen 4 cikin 10 suka ce matsayi a aji yana da nauyi ƙwarai. Kafin 2018 ya sauko zuwa wajen 1 cikin 10. Abin da ya tsaya a sama shi ne makin yaro a darussa masu nauyi da kuma ƙarfin darussan da ya zaɓa. Makarantun sakandare masu yawa ma sun daina jera yaransu.

Akwai kuma labarin Jaime Escalante, wani malami ɗan ƙasar Boliviya, wanda ya koyar a makarantar Garfield cikin unguwar talakawa a gabashin Los Anjalis. Ya ce zai koya wa yaran nan kalkulas, watau lissafi mai zurfi na jami'a, mutane suka ce ya fi ƙarfinsu. Ajinsa na fari, wanda ya soma a 1978, yara 5 ne, 2 kaɗai suka ci jarrabawar AP. Bai fid da zuciya ba. A 1982 yara 18 suka ci. Masu shirya jarrabawar suka yi zargin 14 daga cikinsu da satar amsa. Yara 12 suka yarda suka sake zama, dukansu suka sake ci. Abin da ke cikin kai ba ya tsoron a sake auna shi.

Amma Fa Akwai Wuya

Duk da haka ba mu so mu ɗora wa kowa kayan da mu ba za mu taɓa da yatsa ba. Ku tuna da 'yar talaka a wani ƙauyen Teksas, wadda ta ke daidai bakin layi. Iyayenta ba su da kuɗin jami'a mai zaman kanta, ba su san kowa ba. Dokar nan ita ce gadarta. In ta ɗauki kalkulas ta sami B, watakila ta faɗo ƙasan layin. Ɗan mai kuɗi in ya faɗo yana da wata ƙofa, ita kuwa ba ta da ita. Wa zai jefe ta in ta yi taka-tsantsan?

Ga abin da mu ke gani. Ba kowane darasi mai wuya ne wajibi a kan kowane yaro ba. Akwai wanda ya ke tara darussa masu wuya domin a ce da shi gwani, yana kwana ba barci har lafiyarsa ta taɓu. Wannan ma bautar lamba ce, ta sake riga kawai. Daidai ruwa daidai tsaki. Tambayar da ta dace yarinyar nan ta yi ita ce, wane aiki na ke so in yi wa jama'a, wane ilmi kuma aikin ya ke bukata? In tana so ta zama likita ko injiniya, lissafi da kimiyya su ne harsashin gininta. In ta guje su domin ta shiga jami'a, ta sayi ƙofa ta sayar da ɗaki. Sai ta ɗauke su, ta nemi taimakon malami tun da wuri, ta rage waɗansu nauyaye da ba su kan hanyarta. Barin darasi domin ba ya kan hanyarka hikima ce. Barinsa domin kada wane ya wuce ka tsoro ne. Zuciyar mutum ta san wanne ne cikin biyun, ko ba ta faɗa wa kowa ba.

Rabon Manya Cikin Laifin

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Yaro bai ƙirƙiro ma'aunin ba, manya ne suka kafa shi. Mu ne mu ke cewa ilmi ya fi, sa'an nan mu ba lamba kyauta. Ba daidai ba ne mu shirya tsere inda mai gudun wahala ya ke cin riba, mu juyo muna zargin yara da ragwanci.

A ƙasarmu tsarin ya bambanta, amma cutar ba baƙuwa ba ce. Makarantunmu da yawa suna rubuta matsayi a takardar sakamako, tambayar da yaro ya kan fara ji a gida kuwa ita ce, na nawa ka zo? Sa'ad da yara su ke shiga babbar sakandare su kan rabu, waɗansu ajin kimiyya, waɗansu ajin adabi ko kasuwanci. Kowane ɗayansu hanya ce mai daraja ga wanda baiwarsa ta ke can. Abin baƙin ciki shi ne yarinyar da Allah ya ba kan lissafi ta guji ajin kimiyya domin kada ta rasa na ɗayan da ta saba zuwa, daga baya ta iske ba a karatun likita sai da fiziks da kemistiri da ilmin halittu. Haka kuma yaron da aka tura ajin kimiyya domin a yi fahariya da shi, alhali zuciyarsa tana wajen harshe da tarihi.

Me za mu yi? Ga shawara uku.

Iyaye, mu sake tambayarmu. Mu ce, ɗana, wane abu ne ya ba ka wuya a wannan zango, yaya kuma ka yi da shi? In ya kawo B daga darasin da ya sha fama, mu yi murna a gabansa yadda zai gani. Kada kuma mu gwada shi da ɗan maƙwabci.

Malamai, ku yaba ƙoƙari a bainar jama'a. Ranar ba da kyauta a kira na ɗaya, ba laifi, gama shi ma ya yi aiki. Amma a kira kuma wanda ya tashi daga baya ya matso, da wanda ya zauna da abokinsa bayan an tashi yana koya masa.

Ku kuma 'yan makaranta, 'ya'yanmu, in kun tsaya a mararrabar nan, ku tambayi kanku wannan: da a ce ba wanda zai ga makina, wane darasi zan ɗauka? Amsar da zuciyarku ta bayar, ku kai ta wurin malami ko dattijon da ya san ku, ku auna ta tare.

Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Ran da mara lafiya zai kwanta gaban likita, ba zai tambaye shi na nawa ya zo a aji ba, so ya ke ya san ciwon. Ran da motoci za su hau gada, lissafin mai ginin ne zai riƙe su. Waɗannan mutane, waɗanda yaranmu ba su gani ba tukuna, su ne za su ci amfanin zaɓin da a ke yi yau a aji, ko su sha wuyarsa. Domin su ne mu ke cewa yaro ya ɗauki darasin da zai sa shi ya iya aikinsa, ko da zai zo na goma. Mu kuwa mu tsaya a bayansa ran da takardar ta zo gida.